Neman Waɗanda Aka Ce Sun Warke

Da sunan Allah nake farawa, wanda lafiya da rashinta duk a hannunsa suke.

Sunana Isiyaku. Ina sayar da dashen itatuwa a bakin babban titi kusa da Dutsen Zuma: mangwaro, lemo, gwaiba, da furannin da mutanen Abuja ke so a ƙofar gida. Ban yi boko da ƙuruciya ba. Sai da furfura ta fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci na unguwarmu a Suleja, don haka wanda ya ga maganata ba ta da ado ya yi mini uzuri. Jinyar matata Hadiza ce ta sa na ɗauki biro. Na ga wani abu a cikinta wanda har yau bai bar raina ba, kuma ina so mai jinya na gaba ya san shi tun kafin a kawo masa nasa maganin a jarka.

Da safe abin ya same ta, tana suyar waina a ƙofar gida kamar kullum. Ina ɗaura buhun leda a bayan mashin na ji wata mai saye tana cewa, "Maman Habu, wainarki na ƙonewa." Da na juyo sai na ga tana zaune tana kallon hannunta na dama kamar na wani ne aka ajiye mata a cinya. Cokalin juyi yana ƙasa. Bakinta ya zame gefe guda. Ta yi magana, amma maganar ta fito kamar ta wanda ya cika baki da ruwa.

Nan take aka fara shawara. Wata ta ce iska ce, a kawo garwashi a yi hayaƙi. Allah ya saka wa maƙwabcinmu mai Keke da alheri, bai tsaya jin kowa ba, ya juyo da kekensa ya ce a ɗauko ta.

Ba zan ɓoye ba, asibiti ya ba ni haushi a ranar farko. Tana kwance a benci aka ce sai na yanki kati, kuma mai yankan katin ya tafi karin kumallo. Gado bai samu ba sai bayan azahar. Amma a asibitin nan dai wani matashin likita ya bar abincinsa a buɗe ya taho da sauri da ya ji abin da ya same ta, kuma wata nas ta cire ɗankwalin da ke jakarta ta rufa mata kai saboda nata ya faɗi a hanya. Duka biyun na gani, duka biyun nake faɗa.

Aka tura mu wani asibiti a Abuja a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Injin ban ruwan dashena na sayar na biya kuɗin hoton. Da muka dawo likita ya ɗaga shi a hasken taga, ya nuna mini cikin kan matar da muka tsufa tare. Wani ɗan tabo ne a gefen hagu, da kaɗan ya fi ƙwayar gyaɗa. Na ce ai dama ce ta shanye. Ya ce haka Allah ya tsara mutum, hagun kai ke riƙe da daman jiki. Na daɗe ina kallon tabon nan. Shi kaɗai ya ƙwace hannun da ya yi shekaru yana juya waina, ya ƙwace ƙafa, ya ɗaure harshe. Na fita waje na zauna a kan dakali, ban san lokacin da na fara tasbihi ba.

Ya ce hawan jini ne da ya daɗe ba a sani ba. Ranar sallama ya riƙe ƙwayoyin a tafin hannunsa ya faɗi maganar da ta zauna mini:

"Baba, wannan ba za ta ɗaga mata hannu ba. Hannu sai gashi, wato motsa gaɓoɓi, da lokaci. Ita mai gadi ce, tana tsaye ne kada bugu na biyu ya shigo. Ranar da ta ji garau ma, a sha."

Makonnin farko a gida, ɗiyarmu ta zo daga gidan mijinta tana yi mata wanka, ni kuma juya ta a gado da ciyarwa. Na koyi ɗaura zani. Na koyi ba da kunu a cokali ta gefen bakin da ke aiki, a jira ta haɗiye kafin a ƙara. Maganar farko da ta fito mata sarai, ba kalmar godiya ba ce. Ta ɗanɗana miyar da aka yi mata yadda likita ya ce, ta dube ni ta ce, "Malam, gishiri." Muka yi dariya har ɗiyarmu ta yi hawaye.

Masu dubiya kuwa ba su yanke ba, Allah ya ba su lada. Sai dai kusan kowa da abin da ya riƙo. Tafarnuwa da zuma, man shafawa, garin da za a zuba a kunu, ganyen da za a dafa a yi sirace. Kuma kowane magani da sunan mutum a bayansa: kawun wane ya sha ya tashi, matar wane ta shafa ta koma kasuwa. Ina karɓa da hannu biyu, in yi godiya, in ajiye. Duk wanda ya ce ya jiki, in ce da sauƙi.

A mako na huɗu Yaya Sale ya zo daga Lambata. Shi ne babban wan Hadiza, shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya ba ni aurenta. Mutum ne mai kirki mai zafi. Ya shigo da jarka fara, bakinta a naɗe da leda, ya dire ta a tsakar ɗaki.

"Isiyaku, hannun nan ya motsa?"

"Bai motsa ba tukuna, Yaya."

"Wata guda ana haɗiyar ƙwaya."

"Haka ne."

"To zo ka gani."

Ya ciro waya ya kunna mini bidiyo. Mutane ne ɗaya bayan ɗaya, maza da mata, kowa a zaune a gidansa. Wata murya tana tambaya, ya jikin tun da aka fara shan maganin Malam? Kowa yana amsawa, alhamdulillahi, da sauƙi sosai. Ba 'yan wasa ba ne, fuskokin irin namu ne. Ya ce mai maganin yana can wajensu, layi ake yi a ƙofarsa. Sharaɗinsa ɗaya: a ajiye ƙwayar asibiti, don ba sa zama ciki ɗaya.

Na ce, "Yaya, likita ya ce kada a bar ta ko na rana guda."

"Likita ya ce. Waɗannan kuma da ka gani da idonka fa?" Ya mayar da wayar aljihu. "In ba za ka iya ba, Juma'ar sama zan zo da mota in tafi da ita gida. Ba zan zuba ido ta lalace a hannun wani ba."

A hannun wani. Na haɗiye wannan. Na san kuma in ya zo da motar ba ni da bakin hana shi, kuma Hadiza ba ta taɓa yi masa musu ba tun tana yarinya. In ta tafi Lambata, ƙwaya ta ƙare ke nan.

Bayan ya tafi ta daɗe tana kallon jarkar. Sannan ta ce, a hankali, tana jan kalmomin, "Malam, kai me ka gani?"

Na ce ban ga komai ba tukuna. Gaskiya bidiyon ya shige ni. Asibiti bai ɗaga hannun ba, ga mutane kuma suna godiya. Amma akwai fuska ɗaya a ciki da na sani: Markus, mai facin taya, wanda rumfarsa ba ta da nisa da inda nake ajiye dashena. Na ce a raina, tunda ga ɗaya a kusa, bari in je in yi masa barka.

Na same shi yana tsoma tub a ruwa yana neman inda ke yoyo.

"Malam Isiyaku, ashe ka gan ni a fim," ya ce yana dariya. "Yanzu sai da alƙawari ake ganina."

Na zauna a kan tsohuwar taya ya ba ni labari. Ya tashi da safe ne ya ga bakinsa ya karkace, ido ɗaya ya ƙi rufuwa, in ya sha ruwa sai ya zubo. Aka kai shi Lambata. Ya yi 'yan makonni yana sha, fuska ta dawo daidai.

"Wallahi ba biyana aka yi ba. Ka gan ni dai."

"Na gan ka. Hannu fa, a lokacin?"

"Hannu lafiya lau. Ranar ma na yi facin tirela."

"Ƙafa?"

Ya buga ta a ƙasa. "Ita ce ta kai ni tasha."

"Magana?"

"Tambayi madam ɗina, ta so a ce ta ɗauke."

Na ga nasa da na Hadiza bakin ne kawai ya haɗa su. Da na kwatanta masa nata, sai ya daina dariya. Ya ce akwai wata tsohuwa daga Maje da aka kawo a ɗauke ranar da ya je, ita ma tana cikin bidiyon, mai farin mayafi. Nata irin na matarka ne, in ji shi. Ɗanta yana jan tifa, a wajen Markus yake faci. Ya kwatanta mini gidan.

Washegari na tafi Maje. Na sha wuya kafin na gane wurin, don sababbin gine-gine sun cinye hanyar da na sani. Gidan na ƙasa ne, ya rage shi kaɗai tsakanin dogayen katangu biyu. Surukarta ta yi mini iso. Inna Asabe, haka ake kiranta, tana kan tabarma a inuwa, an tokare ta da matashi ta baya da ta gefe. Hannunta na dama a dunƙule a kan cinya.

"Inna, ya jiki?"

"Da sauƙi, ɗan nan. Da sauƙi sosai, alhamdulillahi."

Muryar ce, kalmomin ne, har ɗan gyaɗa kan da na gani a waya. Tana faɗa surukarta tana goge mata gefen baki.

Muka taɓa hira. Na gaya mata matata ma tana kwance da irin wannan, ta yi mata addu'a mai tsawo. Sannan na yi ƙarfin hali na ce, "Inna, na gan ki a waya kina cewa kin samu sauƙi."

"To me zan ce? Bawan Allah ya tako har gida ya tambaye ni. Ina numfashi, ina cin abinci, ina salla ko a zaune ne. In ce babu sauƙi in yi wa Ubangiji butulci?"

Da surukar ta rako ni zaure ta ƙara mini sauran. Lokacin da aka ɗauki bidiyon Inna tana iya dafa bango ta kai bayan gida. Sun ajiye ƙwayar asibiti kamar yadda aka ce. Bayan wani lokaci abin ya sake bugunta, tun daga nan ba ta ƙara tsayawa ba. Na tambaya ko mai maganin ya sani. Ta ce ba su koma ba, shi ma bai aiko ba. Ba ta faɗa da fushi ba.

A hanyar dawowa na tsayar da mashin a gefen titi na zauna. Tsohuwar nan ba ta yi ƙarya ba. Markus bai yi ƙarya ba. Yaya Sale bai yi ƙarya ba. Kowa gaskiyarsa ya faɗa, amma da aka jera su a waya sai suka ba da labarin da bai faru ba. Inna godiya take wa Allah, aka ɗauka shaida take ba magani. Kuma da wani ya kafa mini waya a wannan watan ya ce ya jikin Hadiza, abin da zan faɗa ke nan, don haka aka koya mana tun muna yara, kuma tarbiyya ce mai kyau. Ban taɓa tunanin gaisuwa za ta iya raba mara lafiya da maganinsa ba.

Ranar Laraba muke zuwa ɗakin gashi, inda ake motsa wa marasa lafiya gaɓoɓi. Mai yi wa Hadiza ita ce Madam Rifkatu, wata doguwa mai Hausar mutanen Filato, ba ta da wasa a kan lokaci amma hannunta da taushi. Tana lanƙwasa gwiwar hannun Hadiza tana miƙewa, ni kuma na kwashe komai na gaya mata. Na zata za ta yi faɗa. Ba ta yi ba.

Ta ce irin na Markus sun san shi, jijiyar fuska ce kawai, kuma mafi yawa yakan koma da kansa ko an sha wani abu ko ba a sha ba. Na ce to ga Inna Asabe, ta bar ƙwaya abin ya dawo, magana ta ƙare.

"A'a, Baba, kada ka yi sauri. Akwai masu shan ƙwayar kullum, ya dawo musu. Akwai wanda ya bari bai dawo ba. Mutum ɗaya ba ya isa shaida, ko da gefenmu ya tsaya."

Wannan ya ɗaure mini kai. Na kawo mata abin da zai taimaki maganarta, ta ƙi karɓa. Sai na yi mata tambayar da na san Yaya Sale zai yi mini.

"To Madam, ku naku wa ya gani? Shi aƙalla ya nuna mini fuskoki."

Ta yi murmushi. "Maman Habu, mijinki lauya ne?"

Hadiza ta ce, "Mai itace ne."

"Yawwa. Baba, in an kawo maka sabon taki aka ce ya fi kowanne, duk dashenka kake zuba wa?"

Na ce a'a, layi ɗaya nake zuba wa in bar na kusa da shi, ruwa ɗaya, rana ɗaya, in ga bambanci.

"Wa ke zaɓen layin?"

"Ni."

"In kana son takin ya ci, wane layi hannunka zai nufa?"

Na yi dariya, don na san amsar. Mai ganye kore zai nufa, ko ban yi niyya ba.

Ta ce to haka ake yi wa irin ƙwayar nan kafin a yarda da ita, sai dai an toshe wa hannu hanyar son kai. Ana tara mutane masu yawa masu ciwo iri ɗaya, a gaya musu komai, wanda ya yarda ya shiga. Ƙuri'a ce ke raba su gida biyu, ba likita ba. Ƙwayar da ake ba kowane gida kamarsu ɗaya a ido, mara lafiya bai san wacce yake sha ba, mai duba shi ma bai sani ba. A bi su shekaru. Kuma ba a tambayar su ya jiki a tsaya nan. Ana duba wa abin ya sake bugu, wa ya rasu, wa maganin ya ba wahala, wa ya gudu ya daina zuwa. Duka ake rubutawa. Sannan wasu a wata ƙasa, waɗanda ba abokansu ba, su sake yi don su ga ko za su kama su da kuskure. Ta ce a kan saukar da hawan jini bayan irin wannan bugun an yi haka ba sau ɗaya ba, kuma gidan da aka saukar wa ya fi tsira. Ba duka ba. Ya fi dai.

"Ni ma ban ga mutanen da idona ba," in ji ta. "Amma na san an ƙirga waɗanda abin bai yi wa ba. Shi ne abin da za ka tambaya kullum, ko mu ne muka ba ka magani: ina waɗanda suka sha bai yi musu ba?"

Sai na tuna wurin sana'ata. Dashen da ya kama shi nake jerawa a bakin titi. Wanda ya bushe yana bayan shinge, ina juye ƙasar in sake amfani da ledar. Ba don in cuci kowa ba, haka ake yi. Amma mai wucewa a mota zai ɗauka duk abin da na dasa yana kamawa.

Na ce, "Ke nan maganin Lambata ba ya komai."

"Ban ce ba. Ban sani ba. Shi ma mai shi bai sani ba, tunda bai koma Maje ba. Kuma ban san abin da ke cikin jarkar ba, balle in ce ba zai taɓa mata ƙoda ko jini ba. Abin da na sani shi ne abin da ake so ta bari."

"Hannun fa, zai dawo?"

"Wannan ma ban sani ba. A watannin farko jiki yakan gyara wani abu da kansa, mu muna taya shi ne. Ko a aikinmu na gashi akwai abin da aka gwada sosai, akwai wanda muke yi don mun ga kamar yana taimako. Ba zan ce maka duka ɗaya ba ne."

Tun da aka fara jinyar nan kowa da tabbacinsa yake shigo mana. Ita ce ta farko da ta ce ban sani ba, har sau nawa, kuma ita na fi yarda da ita. Muna cikin Keke muna komawa ina ta tunanin mutanen nan da ban san ƙasarsu ba, ban san addininsu ba. Suna kwance da ciwo irin na matata, aka ce musu ba za ku san abin da kuke sha ba, suka ce mun yarda. Wasunsu suna gidan da bai dace ba, abin ya sake bugunsu, aka rubuta. Da wannan rubutun aka san abin da za a sa wa Hadiza a tafin hannu a Suleja. Ban san yadda ake gode wa irin waɗannan ba. Na dai sa su a addu'a.

Ranar Alhamis da hantsi ina matsa mata yatsu kamar yadda aka koya mini, sai na ji kamar an taɓa ni. Na ɗauka ni ne na motsa. Na buɗe tafin hannuna na ce ta sake. Ta ƙura wa hannun ido, goshinta ya yi gumi. Babban yatsa ya lanƙwaso, manuni ya biyo shi, kaɗan, kamar tsiron da ya fara ɗaga ƙasa. Daga baya idona ya faɗa kan jarkar a bayan ƙofa, ledarta ko kwancewa ba a yi ba. Da ta sha ko kofi ɗaya a farkon makon nan, da na rantse da Allah aikinta ne. Da ni ne na gaba a bidiyon, kuma da zuciya ɗaya zan faɗa.

Shawarata ga mai jinya ba ta da yawa. In an ce wane ya sha ya warke, kada ka ƙaryata, kada kuma ka gaskata. In yana kusa, je ka gaishe shi. Duba ko ciwonsa irin naku ne, ka tambayi me kuma yake yi a lokacin, ka nemi wanda ya sha bai tashi ba. Likita ma ka tambaye shi yadda aka san nasa, na kirki ba zai ji haushi ba.

Juma'a bayan an sauko Yaya Sale ya iso da motar haya, an shimfiɗa katifa a baya. Na tare shi a ƙofar gida. Ban gaya masa yatsu sun motsa ba, don na gane wannan ma ba hujja ba ce. Ban kuma kawo masa maganar ƙuri'a ba, na san ba zai tsaya ba. Na ce, "Yaya, akwai wata baiwar Allah a Maje mai irin ciwon Hadiza, ta sha maganin nan. Tunda ga mota, mu je mu duba ta mu samu lada, sai mu dawo ku ɗauke ta."

Ya dube ni da alamar zargi, amma dubiya ba abin da dattijo zai ƙi ba ne. Muka tafi.

Ya gane ta tun daga bakin zaure, saboda ya kalli bidiyon nan ya fi a ƙirga. Ya tsuguna ya gaishe ta.

"Inna, ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi sosai, Alhaji, alhamdulillahi."

Ta yi yunƙurin gyara zama don girmama baƙo, jikin ya tafi gefe, surukarta ta taro ta. Yaya Sale ya kawar da kai. Ya yi mata addu'a, ya sa hannu a aljihu ya ajiye abin da ya ajiye a gefen tabarma. A zaure shi da kansa ya yi wa surukar tambayoyi, ni ina tsaye ban sa baki ba. Har muka dawo Suleja direba ne kaɗai ke ta ƙorafin ramukan hanya.

Ya shiga ɗaki ya zauna a bakin gadon ƙanwarsa. Ɗiyarmu ta riga ta haɗa mata kaya a jaka.

"Hadiza, ya jiki?"

"Da sau..."

"A'a. Ba gaisuwa nake ba. Me ya dawo, me bai dawo ba?"

Ta dube shi, don ba a taɓa yi mata irin wannan tambayar a gida ba. Sannan ta lissafa masa, a hankali. Magana ta dawo, sai in ta gaji. Ƙafa tana ɗaukarta zuwa ƙofa in an riƙe ta. Kafaɗa tana ciwo. Hannu bai dawo ba, sai wannan. Ta ɗora shi a kan gwiwarsa ta motsa yatsun nan biyu.

Ya daɗe yana kallonsu. Ya waiwaya ya ga jarkar da ledarta.

"Yaya," ta ce, "ka bar ni da ƙwayata."

Ban taɓa jin ta roƙe shi ya janye magana ba sai ranar. Ya share fuska da hannun riga, ya miƙe.

"Jarkar nan kada ku zubar. A ajiye."

"Za a ajiye, Yaya," na ce.

"Kuma ranar da za ku koma wajen matar nan mai yi mata gashi, ka kira ni. Ina da tambaya."

Har yau hannun bai dawo duka ba, kuma ba wanda ya yi mana alƙawarin zai dawo. Tana riƙe kofi, ba ta juya waina. Allah ya ba Inna Asabe sauƙi na gaske, ya ba duk mai kwance lafiya, ya saka wa waɗanda aka gwada magani a jikinsu ba mu san su ba.

A ranar dai, na raka Yaya Sale bakin mota. Direba ya leƙo ya ce ina mara lafiyar. Yaya ya ce masa ya naɗe katifar.